Ƙarfe nawa zan shiga daji? Tambayoyi da amsoshi kan sammakon dakon barewa a Amurka

Duk shekara idan sanyi ya fara shigowa, 'yan'uwanmu da suka fara farautar barewa a nan Amurka tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu a kan abu guda suke zagayawa, wato ƙarfe nawa mutum zai bar mota ya taka zuwa wurin dakonsa da asuba. Shi ne na ga gara in tattara su wuri ɗaya. Ni a Wisconsin nake farauta, saboda haka misalan daga can za su fi fitowa, amma barewa mai farar wutsiya halinta ɗaya ne ko a Michigan ko Ohio ko Pennsylvania. Dokar ce take bambanta, ita kuwa kowa ya duba littafin jiharsa na shekarar da ake ciki.

Wai mene ne dakon nan, kuma me ya sa lokacin tafiya ya zama abin magana?

Farautar nan ba irin ta gayya ba ce da ake fita da karnuka da kiɗa a tashi nama a bi shi. Dako ake yi. Ka nemi bishiya kusa da hanyar da bareyi ke bi, ka ɗaura kujerar ƙarfe a jikinta kamar ƙafa 15 zuwa 20 daga ƙasa, ko ka kafa ɗan tanti a ƙasa ka laɓe, ka zauna shiru har naman ya zo da ƙafarsa.

Barewa da daddare take fita kiwo, gonar masara ko waken soya ko ƙarƙashin bishiyoyin oak inda 'ya'yansu ke zubowa, in gari ya fara wayewa sai ta kama hanyar komawa makwancinta cikin duhuwa. Kai mai dakon safe so kake ka rigata isa tsakanin wurin kiwon da makwancin ba tare da ta san ka shigo ba. Matsalar kenan, lokacin da kake tafiya cikin duhu ita ma tana tsaye da ƙafafunta a dajin, ba barci take ba.

Toh a taƙaice, ƙarfe nawa?

Ka kasance ka hau, ka ɗaure kanka, ka jera kayanka, ka yi tsit, minti 30 zuwa 45 kafin lokacin da doka ta yarda a yi harbi. Ka lura, zama nake nufi, ba barin mota ba. Wannan rabin awar daji yake buƙata ya manta da ƙarar da ka yi, kai ma numfashinka ya dawo daidai, idonka ya saba da duhu.

Amma wannan amsar ta mai hanya mai kyau ce. Idan hanyarka ta ratsa inda bareyin ke kiwo, ko ƙarfe 3 na dare ka shiga korarsu za ka yi, sammakon bai amfane ka da komai ba. Gaskiya ni a wurina hanyar da ka bi da inda iska ta nufa sun fi agogo muhimmanci nesa ba kusa ba, shi ya sa amsoshin gona da na iska da ke ƙasa suka fi tsawo, dan Allah kar a tsallake su.

Yaushe doka ta yarda a fara harbi?

A Wisconsin minti 30 kafin fitowar rana ne, a rufe minti 20 bayan faɗuwarta. Michigan da Minnesota da Ohio da Pennsylvania su ma rabin awa kafin fitowar rana suke farawa. New York a da sai rana ta fito, a 2021 suka canza suka koma rabin awa kafin. Hukumar daji ta kowace jiha tana buga jadawali, kuma jiha ɗaya ma ana raba ta shiyya-shiyya tunda rana tana riga fitowa a gabas, so ka duba na shiyyarka, kar ka yi aiki da na abokinka da ke wani gari.

Abu ɗaya da ke rikita sababbi: ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Wanda ya saba tashi ƙarfe 5:30 a ƙarshen Oktoba in bai gyara lokacin tashinsa ba zai tarar gari ya waye masa a hanya.

Yaya zan yi lissafin tun daga gida?

Daga baya ake lissafowa. Ɗauki ranar buɗe farautar bindiga ta kwana 9 a Wisconsin, Asabar ɗin da ke zuwa kafin Thanksgiving, bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. A wajen Madison, babban birnin jihar, rana tana fitowa kusan ƙarfe 7:00, kenan harbi ya halatta wajen 6:30. Kana son ka zauna 6:00. Hawa da ɗaure kai da jawo bindiga da igiya minti 10 ne in kujerar tana ɗaure tun da, in kuwa a bayanka ka goyo ta za ka kafa a duhu ka ba ta minti 25 ko fi. Tafiyar da ka yi a minti 15 da rana tsaka, a duhu da kaya tana cin 25 zuwa 30. Sa kaya a gefen mota wani minti 10 ne da mutane ba sa lissafawa. Ka ga kenan 5:10 ya kamata ka kashe mota, sai ka ɗora tuƙin daga gida a kai.

Ka je wurin da rana kafin lokacin farauta ka auna tafiyar da agogo, kar ka yi kintace. Ka haɗa jakarka tun dare.

Sallar asuba fa? A ina zan sa ta?

Wannan ita ce tambayar da ba za ka samu amsarta wurin maƙwabcinka Bature ba, kuma dole mu yi ta tun kafin ranar. A misalin Madison ɗin nan, jadawalin da yawancin masallatan Amurka ke bi, na digiri 15 (wato nisan da ya rage wa rana a ƙasa kafin ta ɓullo), yana ba da alfijir wajen 5:35, na digiri 18 kuma wajen 5:20. Wato lokacin salla yana shiga ne daidai kana tsakiyar tafiya. In ka bari sai ka hau, za ka tsinci kanka a sama a kan faranti mai faɗin taku biyu, rana na shirin fitowa, sauka kuma daidai lokacin da bareyi ke wucewa ne.

Abin da na ga ya fi sauƙi: in wurin dakonka kusa ne, ka jira a mota lokaci ya shiga, ka shimfiɗa darduma a gefen motar ka yi sallarka a natse, sannan ka kama hanya. Za ka zauna wajen 6:10 ko 6:15, ka rasa minti 10 cikin rabin awar shirun, wannan ba komai ba ne. In wurin da nisa, ka yi salla a hanya, a nesa da bishiyarka kamar yadi 200 ta ɓangaren da iska ke kwashe ƙamshinka daga makwancin, da 'yar leda a aljihu saboda ƙasa a jiƙe take. Kar ka yi a gindin bishiyar, tafin hannu da gwiwa suna barin ƙamshi a ganye. Mai tanti a ƙasa shi ya huta, in tantin na da ɗan tsawo a ciki zai yi. Ka duba alƙibla a waya tun kana mota, daga wannan yankin arewa maso gabas take, ba gabas sak ba kamar yadda muka saba a gida.

Alwala kuma a gida ake yinta da ruwan ɗumi, a riƙe ta. Wanke ƙafa a waje cikin sanyin da ya kai ruwa na daskarewa sannan a sa takalmi a zauna awa huɗu hanyar jawo wa kai ciwo ce. Maganar shafa a kan huffi ko taimama, wannan a tambayi malamin masallaci tun ana saura kwanaki. Ni dai ban yarda a ce barewa ta sa mutum ya bar asuba ta wuce ba, kuma in an tsara babu abin da zai sa hakan ta faru.

Hanyata ta ratsa gona, in yi sammako sosai ko in jira gari ya ɗan waye?

Da farko dai nemi wata hanyar. Ko za ta ƙara maka rabin mil, ka zagayo ta bayan daji, ta cikin kwari ko gefen rafi ko bayan tudu, inda ba za a hango ka ba kuma ƙarar ruwa ta rufe takunka. Dakon safe ta ɓangaren makwanci ake shigarsa tunda a lokacin babu kowa a can, dakon yamma kuma ta ɓangaren gona. Mutane da yawa kujera ɗaya suke amfani da ita safe da yamma ta hanya ɗaya, sai su ce wurin ba nama, alhali su suke korarsa kullum tun kafin su gan shi.

In babu wata hanya sam sai gonar, to ka jira duku-duku, lokacin da ido ya fara rarrabe bishiya da dabba. Ka tsaya a bakin gonar ka duba da madubin hangen nesa, in akwai bareyi ka bar su su shige daji da kansu sannan ka bi a hankali. Za ka rasa farkon safiya, eh, amma ba ka nuna musu kanka ba, gobe ma za su dawo. A lokacin barbara wannan dabarar ba ta da asara sosai, duba amsar watanni a ƙasa.

Wasu kuma sukan ce a shiga awa biyu kafin, ko an kore su za su huce su dawo. Wani lokacin yana yi wa mata da ƙanana. Babban namiji mai shekara huɗu ko biyar da ya ji ƙamshin mutum a gonar da yake kiwo ba lallai ka sake ganinsa da rana a wurin ba.

Me ya sa kowa ke ta maganar iska?

Saboda barewa hancinta ta fi yarda da shi. Za ta ji motsi ta tsaya ta saurara, za ta hango abu ta ƙura masa ido tana buga ƙafa a ƙasa, amma in ta shaƙi mutum ba ta tsayawa tambaya. Don haka tun dare ka duba hasashen iska a waya, da safe kuma a bakin mota ka gwada da 'yar kwalbar hoda ko audugar ciyawa ka ga inda ta nufa. Iskar ta riƙa bugun fuskarka ko gefenka yayin tafiya, kar ta fito ta bayanka ta kai ƙamshinka inda kake zaton suna nan.

Sai kuma abin da waya ba za ta gaya maka ba, a wuri mai tudu da kwari. Kafin rana ta fito iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take yi ƙasa tana bin kwari kamar ruwa. In rana ta ɗaga ta fara dumama gefen tudun, sai ta juya ta fara hawa sama. Kenan in ka bi ta saman tudu da asuba, ƙamshinka yana zubowa kan duk abin da ke ƙasa. In bareyin a gonar kwari suke kiwo, ka nemi hanyar da ƙamshinka zai gangara wani kwarin daban. Wajen ƙarfe 8 zuwa 9 lokacin da iskar ke juyawa takan yi ta yawo ba alƙibla, a nan ake yawan tona asirin mai dako, ba abin da za ka yi sai ka zaɓi bishiyar da ke sama da hanyarsu tun farko.

In iskar ranar ba ta dace da kujerar ba, kar ka je. Shi ya sa ake son mutum ya tanadi wuri biyu ko uku.

In kunna tocila ko in tafi a duhu?

Kunna. A filin gwamnati ma ba shawara ba ce, tocilar ita ke gaya wa wani mai bindiga cewa mutum ne ke tafe. Ta goshi ta fi, mai jan haske ko kore, a rage ƙarfinta a karkatar da ita ƙasa taku uku a gabanka, ba a riƙa haska daji hagu da dama ba. Idon barewa yana ganin shuɗi sosai amma ja da ruwan lemo ba sa yi mata ƙarfi, dalilin kenan ma da rigar lemo da doka ta tilasta lokacin bindiga ba ta tona ka. Ka sa rigar tun daga mota. Haska dabba da fitila kana riƙe da makami kuwa laifi ne babba, tocila ta hanya ce kawai.

Wanda ya kashe tocila don kar a gan shi, ya taka busasshen reshe ya karye kamar harbi, ko ya ɓata ya yi ta zagaye yana baza ƙamshi, ya fi mai tocila ɓarna. Ka manna ƙananan ƙusoshi masu ƙyalli a jikin bishiyoyi in dokar filin ta yarda, ko ka ajiye hanyar a manhaja irin onX Hunt ka sauke taswirar tun a gida saboda ba ko'ina ake samun sabis ba. In kuma duhun ne ke ba ka tsoro, ba abin kunya ba ne, dajin nan da asuba akwai kukan mujiya da na karnukan daji, talo-talon daji ma in ka bi ta ƙarƙashin bishiyar da suka kwana suka tashi gaba ɗaya sai gabanka ya faɗi. Ka yi addu'arka ka ci gaba.

Sanɗa zan yi ko in yi sauri in isa?

Ya danganta da ƙasa. In an yi ruwa ganye ya jiƙe, ko sabuwar dusar ƙanƙara mai laushi, ko iska na kaɗawa da ƙarfi, ka yi tafiyarka a natse. Ranar da ta fi wuya ita ce safiyar da sanyi ya daskarar da busasshen ganye, ba iska ko kaɗan, kowane taku ƙaras ƙaras har can nesa. A irin wannan ranar ba sanɗar da za ta ɓoye ka, abin da za ka iya shi ne kar takunka ya yi kama da na mutum. Mutum shi ne ke tafiya ɗaya-biyu ɗaya-biyu ba tsayawa. Barewa da kurege taku kaɗan suke yi su tsaya. Ka yi taku huɗu ko biyar ka dakata, ka ƙara minti 15 a lissafinka.

Ƙarar ƙarfe ita ce ba ta da uzuri. Ƙugiya ta bugi tsani, zif, ledar biskit, murfin kwalba, rufe ƙofar mota da ƙarfi, babu irinsu a daji. Ka naɗe ƙarafan da tef tun a gida. In filin na mutum ne kuma ya yarda, ka share yadi 50 na ƙarshe da manjagara ana saura kwana biyu, wallahi bambancin ba kaɗan ba ne.

Na tashi barewa a hanya, ta yi huci ta gudu. Shikenan ranar ta lalace?

A'a. Ka tsaya cak, ka kashe tocila minti biyu ko uku, sannan ka ci gaba. In motsinka kawai ta ji, sau da yawa tsalle kaɗan take yi ta tsaya. In ta yi ta hucin nan mai kama da fito tana ɗaga farar wutsiyar tana nisa, ta ji ƙamshinka, ita dai ta tafi, amma dajin ba ita kaɗai ba ce a ciki. Ka hau ka zauna. Abin lura shi ne in haka ta faru safiya biyu a wuri ɗaya, ba rashin sa'a ba ne, hanyar ce, koma ka karanta amsar gona.

Lokacin yana canzawa daga wata zuwa wata?

Sosai ma. Farkon lokacin farauta da kwari da baka, tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, manyan maza sukan koma makwanci tun da sauran duhu, kai kana tafiya su ma suna tafiya, sai ku yi karo. Ƙwararru da yawa ba sa dakon safe a wannan lokacin sai yamma, in kuma za su yi to sai sun shiga awa ɗaya ko fiye kafin haske su riga shi isa.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba lokacin barbara ne a jihohin arewa, maza suna yawon neman mata ba dare ba rana. Nan ne safiya ta fi daɗi, kuma nan ne makara ba ta da illa sosai, don ana ganin babban namiji ƙarfe 10, ana ganinsa 12 na rana. Musamman in sanyi ya sauko bayan kwanakin ɗumi, ranar kar ka bari ta wuce ka. A Disamba kuma bayan an sha harbi, ga yunwa ga sanyi, kusa da abinci suke kwanciya kuma a firgice suke, shiga da asuba ba tare da an gan ka ba yana da wuya ƙwarai, yamma ta fi.

A filin gwamnati ranar buɗewa fa?

Nan lissafin ba da barewa kaɗai kake yi ba, da mutane ne. Wisconsin kaɗai sama da mutum rabin miliyan ke sayen lasisin bindiga, Michigan ranar 15 ga Nuwamba kamar ranar salla ce a ƙauyukansu, Pennsylvania tun 2019 Asabar bayan Thanksgiving suke buɗewa. In ka yi sammako wani a tafe ya kwana. Ka ƙara awa ɗaya a kan lissafin da muka yi, don wurin ajiye mota ma cika yake. A irin wannan ranar salla a hanya ko a kusa da wurin dako za ta kasance, ka tsara hakan tun dare.

Amfanin riga kowa shi ne in ka yi nisa ka zauna, waɗanda suka zo bayanka su za su turo maka naman. Haka wajen ƙarfe 10 zuwa 11 in sanyi ya kori mutane suka fara komawa mota shan kofi, bareyi sukan sake tashi, kai dai ka zauna. In ka iso ka ga tocila ta ƙyafta maka daga sama, wani ya riga ka, ka ɗaga hannu ka juya ka tafi wurinka na biyu, ba a gardama a daji da makami a hannu. Wasu filayen suna da ƙa'idar lokacin shiga, wasu kuma ba a yarda kujera ta kwana a bishiya ba, ka karanta allon bakin hanya da littafin doka.

Hawa bishiya a duhu ba haɗari?

Akwai haɗari, kuma ina so a ɗauki wannan da gaske. Faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke raunata mafarautan barewa a ƙasar nan, kuma yawanci wajen hawa ko sauka ko taka kujerar ake faɗowa, daidai abin da kake yi a duhu da yatsu a sandare. Ka sa ɗamarar tsaro mai kama kafaɗa da cinya tun a mota, ka maƙala kanka a igiyar da ke jikin bishiyar tun ƙafarka na ƙasa har ka dawo ƙasa. Hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, kullum a riƙe. Tsanin ƙarfe in raɓa ta daskare a kansa santsi yake yi, ka shafa da hannu kafin ka taka.

Bindiga ba harsashi a ciki, ka ɗaure ta a igiya bakinta na kallon ƙasa, sai ka zauna ka jawo ta. Ka gaya wa iyali ko aboki daidai bishiyar da kake da lokacin da za ka fito, wayarka kuma a aljihun ƙirji, ba a jakar da ka rataye ba. In makara za ta sa ka yi gaggawar hawa, gara ka zauna a ƙasa ka jingina da bishiyar.

Ina isa a jiƙe da gumi, bayan awa ɗaya sanyi ya kore ni. Me zan yi?

Kayan ka sa da yawa kuma ka yi sauri. Ka bar mota kana ɗan jin sanyi, babbar rigar da hular a ɗaure a jaka, in ka hau ka huta minti biyar sannan ka sa. Ta ciki kar ta zama auduga, tana riƙe gumi ta koma ƙanƙara a jikinka, ulu ko irin yadin 'yan wasa ya fi. Gumi kuma ƙamshi ne, ka ga ya haɗu da maganar iska. Wannan ma wani dalili ne na barin gida da wuri, mai isasshen lokaci ba ya gudu.

Turare da ƙamshin girki suna da tasiri?

Suna da shi. Mu mutanen turare ne, gidajenmu akwai turaren wuta, kicin akwai daddawa da soyayyar albasa, duk suna kama yadi. Kayan farauta a wanke su da sabulu marar ƙamshi, a zuba a roba mai murfi a ajiye a gareji, a sa su a gefen mota. Dardumar da za ka tafi da ita ma kar ta zama ta ɗaki mai almiski. Takalmin roba ya fi na fata rashin barin sawu, kuma kar ka tsaya shan mai da shi a ƙafarka. Duk da haka ba sabulun da zai hana barewa jin ka in iska ta kai mata.

An ce in da farin wata ba sa fitowa da safe, gaskiya ne?

Tsofaffin mafarauta suna faɗa, amma masu bincike a jami'ar Penn State da suka bi bareyi masu na'urar GPS a wuya ba su ga wata ya canza yawan motsinsu wani abin kirki ba. Inda farin wata ya shafe ka shi ne a fili, musamman kan dusar ƙanƙara, ana hango mutum daga nesa. Ka bi gefen daji cikin inuwa.

Na makara, gari ya riga ya waye. In fasa?

Kar ka fasa. In lokacin harbi ya shiga, tafiyar taka ta zama farauta: ka shirya makaminka yadda doka ta yarda, ka yi taku kaɗan ka tsaya ka duba, iska a fuskarka, kar ka damu da isa da wuri. In bishiyar taka tana dab da makwanci to yanzu suna ciki, kar ka matsa, ka tsaya a wurinka na biyu ko ka zauna a ƙasa inda kake ganin hanyarsu. In kuma ka isa gindin bishiyar, ka cire harsashi kafin ka hau kamar yadda aka faɗa a amsar hawa. A Nuwamba wanda ya shiga ƙarfe 8:30 ya zauna har azahar yana da dama mai kyau, sai dai ya tafi da abinci da ruwan shayi a fulas, ya kuma duba lokacin azahar da la'asar tun kafin ya hau, don a wannan watan kusa da juna suke, rana kuma wajen 4:30 take faɗuwa.